Telar 'Yan Sama Jannati

Ranar kasuwar Tudun Wada ce, shagon ɗinkin da Amatullah take aiki ya cika da mata masu karɓar kaya, sai ga wani saurayi dogo siriri ya yi sallama daga bakin ƙofa. Ya rungumo ƙunshin yadi, hannuwansa duk tabon walda.

"Don Allah ina neman wadda aka ce tana ɗinka duk abin da aka zana mata."

Matan suka nuna Amatullah. Ta tsayar da keken, ta gyara mayafinta, ta ce ya miƙo. Da ta kwance ƙunshin sai ta ga wani yadi mai ƙyalli kamar cikin ledar madara, da tsofaffin riguna uku na awo.

"Me za a ɗinka?"

"Kayan 'yan sama jannati. Guda uku."

Matan shagon duk suka juyo. Amatullah ta ɗago ta dube shi da kyau, ta ga babu alamar wasa a fuskarsa.

"Malam, sama za ka?"

"Wata za mu, in Allah ya yarda. Amma daga Dangora za mu tashi."

Dariya ta ɓarke a shagon. Shi ma ya yi murmushi, ya yi bayani. Sunansa Mujitaba, walda yake yi a Dangora ta ƙasar Kiru. Shi da abokansa biyu, Bature da Uzairu, sun daɗe suna shirya gajerun wasannin barkwanci suna sawa a intanet, yanzu kuma dogon fim suke so su yi. Labarin wasu manoma uku ne na Ɗansoshiya da suka ji a rediyo ana neman masu zuwa duniyar wata. Da aka ce musu can fili ne fetal babu mai shi, sai suka yanke shawarar su riga kowa zuwa su kama gona.

Amatullah ta ɗaga ɗaya daga cikin rigunan awon, ta ware ta iya tsawon hannuwanta, ba ta ƙare ba.

"Wannan ta mutum ɗaya ce, ko rumfa za a kafa?"

"Ta Bature ce. Ki ƙara masa ɗan wuri, bai ci abincin rana ba lokacin da ya cire ta."

Ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Da zai tafi ya karɓi lambarta, wai saboda aiki. Ta ba shi, ita ma ta ce wa zuciyarta saboda aiki ne.

Da farko kuwa aikin ne. Yana turo mata hotunan 'yan sama jannati na gaske, tana tambayarsa inda za a sa aljihu da inda za a sa zif. Daga nan ya fara turo mata guntayen abin da suke ɗauka. Ta ga an cusa Uzairu cikin durom an gangaro da shi daga kan tudu, wai yana koyon jure jiri. Ta ga an rataye Bature ƙafa a sama a reshen mangwaro yana ƙoƙarin shan fura, reshen yana kuka. Ta ga kumbon da Mujitaba ya haɗa da tsohon tankin ruwa, ya ɗora masa jinkar rumbu a ka, ya rubuta masa "Sai mun dawo" a jiki. Sau da yawa sai ta toshe baki da filo don kada mahaifiyarta, Inna Kaltume, ta ji ta tana dariya ita kaɗai.

Ranar da ya zo karɓar kayan, ya daɗe yana jujjuya su. Ta yi musu ɗinki mai layi-layi a gwiwa da gwiwar hannu, ta sa tuta a kafaɗa, ta kuma ƙara abin da bai ce ba: madauki a ƙugu na rataya fartanya.

"Manomi ba zai je wata babu fartanya ba," in ji ta.

Da yammacin ranar saƙonsa ya shigo:

"Telata, na gwada kayan, sun zauna kamar a jikina aka haife su. Amma akwai matsala ɗaya. Tunda aikin ya ƙare, ban san da wane dalili zan ƙara kiranki ba. Ki taimaka mini da shawara."

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta amsa:

"Kyaftin, kaya masu ƙyalli ba sa jure wahala. Ina ganin za su riƙa yagewa."

Suka kuwa riƙa yagewa. Duk ranar kasuwa sai ga Mujitaba da wando ko riga, wani lokacin yagewar da ƙyar ake ganinta. Wata rana ta ɗaga hannun rigar ta ce masa wannan da almakashi aka yi. Bai musa ba. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya gaji da ɓata kaya, yana neman izini ya zo gida.

Ita kuwa ta san halin mahaifinta. Malam Balarabe malami ne mai makarantar Alƙur'ani a zaurensa, mutum mai sanyin magana wanda ba ya faɗa sau biyu. Rabin magidantan unguwar a gabansa suka yi karatu. Ta fara gaya wa Inna, Inna ta kai maganar gaba, bayan sallar la'asar Malam ya kira ta.

"Amatu, me yaron nan yake yi?"

"Walda yake yi, Baba. Yana noman masara kuma."

"Shi ke nan?"

A hankali ta ce, "Yana wasan barkwanci."

"Shi ne wanda aka nuna mini an rataye ƙato a bishiya?"

"Ba shi aka rataye ba, Baba. Shi ne ya rataye shi."

Inna Kaltume ta juya baya da sauri, kafaɗunta suna rawa. Malam bai yi dariya ba.

"Ba zan yi miki dole a kan kowa ba, kin sani. Amma ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da sana'arsa ita ce ya mai da kansa abin dariya ba. Gobe in kin haihu, a ce wa jikana ɗan wane? Ga Lukman nan ya yi mini magana tun bara. Ki yi tunani."

Lukman tsohon ɗalibin Malam ne, yana da shagon maganin feshi da taki a bakin titi. Ba shi da wani aibu da za a nuna, sai dai duk zuwansa zance, farashin taki yake ba ta labari, ya kuma tambaye ta ko bayan aure za ta bar ɗinki ta huta. Ita kuwa keken nan tana sonsa kamar ranta.

Ta rubuta wa Mujitaba abin da ya faru. Amsarsa ba ta daɗe ba:

"Tauraruwata, Malam yana da gaskiyarsa, bai san ni ba sai ta waya. Ba zan zagaya ta bayansa ba, ba kuma zan janye ba. Gobe za mu tafi duwatsun Doguwa mu ƙarasa ɗaukar fim, can babu sabis. Ina dawowa zan nemi ya ba ni dama in zo in durƙusa a gabansa. Ki riƙa yi mana addu'a, musamman Bature, shi za a fara harbawa."

Ta yi murmushi da ƙwalla a idonta. Kwanaki suka wuce babu kira babu saƙo. Tana cikin wannan kewar, wata safiya saƙo ya shigo daga Lukman, bidiyo ne da 'yar magana a ƙasa:

"Ban so in tayar miki da hankali ba, amma gara ki gani da idonki. A Bebeji aka yi."

Ta buɗe. Mujitaba ne zaune a kan tabarma cikin babbar riga fara, ya kafa hula, yana washe baki. A gefensa amarya ce an lulluɓe ta ruf, hannu ɗaya kawai ya leƙo, ya sha lalle. Ana guɗa, ana watsa alewa. Bidiyon ya yanke a nan.

Amatullah ta mai da shi baya ta ƙara kallo. Ta san labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, bai taɓa ce mata akwai aure a ciki ba. Ta kira lambarsa, a kashe. Ta rubuta masa, "Allah ya ba da zaman lafiya," ta toshe lambar, ta shiga ɗakin Inna ta kifa kai a cinyarta.

Inna ta karɓi wayar ta kalla, ta sake kallo.

"Amaryar nan kuwa tana da jiki," in ji ta.

"Ashe masu ƙiba yake so, Inna," Amatullah ta faɗa cikin kuka. "Da ya gaya mini."

Ranar kasuwa ta zagayo. Tana zaune a kan keke, ido a kumbure, tana ɗinkin da ba ta ma san me take yi ba, sai ƙofar shagon ta yi duhu. Wani ƙaton mutum ne ya tare ta gaba ɗaya. Ya yi sallama da 'yar siririyar murya, ya ce shi ne Bature, Mujitaba ne ya turo shi domin an toshe shi, yana can gindin bishiya ya ƙi cin abinci. Ya miƙo mata wandon sama jannati da ya dare gida biyu.

Hannun ta kalla. Faffaɗan hannu, ya sha lalle har wuyan hannu, zanen fulawa ya fara dusashewa.

"Wane ne ya yi maka lalle?"

Bature ya ɓoye hannun a baya. "Ƙanwata ce. An ce mini kwana biyu zai goge. Na sa omo, na sa toka, har fetur na sa. Babana ya hana ni cin abinci da shi a kwano ɗaya."

Ya ba ta labari. A can Doguwa ne dabarar ta zo musu: manomin da Bature yake fitowa a matsayinsa ya tsorata da tafiya wata, ya gudu ya ɓuya a gidan biki cikin lulluɓin amarya, aka kai shi gaban ango. Suka dawo Bebeji gidan kawun Uzairu suka ɗauka, 'yan kallo ma suna ɗauka a wayoyinsu suna turawa, su kuwa a ranar suka koma duwatsu. Ya ciro wayarsa ya nuna mata cikakken bidiyon. Ango ya ɗaga mayafi, sai ga gemun Bature da cinyar kaza a bakinsa.

Matan shagon suka kwanta da dariya. Amatullah tana dariya tana hawaye, ta rasa wanne za ta tsayar. Ta leƙa waje, ta hango Mujitaba tsaye a gindin darbejiya, ya rame, ya yi baƙi saboda ranar duwatsu. Ta buɗe lambarsa ta rubuta:

"Kyaftin, ka yafe mini. Amaryarka ta zo ta wanke ka. Ka je ka ci abinci."

Tana kallonsa ya karanta, ya jingina da bishiyar, ya rufe ido.

Inna ce ta kai wa Malam bidiyo biyun, yankakken da kuma cikakken da Bature ya tura wa Amatullah. Malam ya aika aka kira Lukman, ya tambaye shi tambaya ɗaya: ya ga ƙarshen bidiyon kafin ya tura? Lukman ya sunkuyar da kai ya ce ya gani. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya ce masa kawai rabin gaskiya da aka yanka don a cutar da wani, sunanta ƙarya, ya tashi ya tafi Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Bayan fitarsa Malam ya ce wa Inna, "Na yi wa yaron can hukunci da guntun bidiyo, kamar yadda aka yi wa Amatu. A ce ya zo da fim ɗin nasa gaba ɗaya. In na ga abin da ya saɓa, magana ta ƙare."

Mujitaba ya zo ranar Asabar bayan la'asar, shi da kawunsa da kwamfuta a jaka. Malam ya gayyato ƙaninsa Baba Sabi'u ya zama shaida. Amatullah ta laɓe a bayan ƙofar zaure ta cikin gida, Inna tana gefenta tana yin kamar tsintar shinkafa take.

Aka gaisa, aka kunna. Da farko babu abin da ake ji sai muryoyin fim da dariyar Baba Sabi'u. Aka zo wurin durom, Malam ya yi gyaran murya. Aka zo wurin da manoman suke gardama ko a tafi da akuya, Malam ya sake gyaran murya, wannan karon mai tsawo. Da reshen mangwaro ya karye da Bature, sai Amatullah ta ji wani sauti da ta manta rabonta da shi: Malam Balarabe yana dariya har da tari, yana cewa a tsayar ya sha ruwa.

Inna ta ajiye farantin shinkafa ta kama hannun 'yarta.

Can kuma dariyar ta ɗauke.

"Tsaya nan," in ji Malam. "Mai da baya."

Wurin da manoman suke cikin kumbo ne, lokacin salla ya yi, kowa ya fuskanci wani ɓangare yana rantsuwa nan ne gabas, har suka kaure da kokawa.

"Yaro, wa ka tambaya kafin ka yi wannan?"

"Babu kowa, Allah ya gafarta Malam."

"Ya nuna. Wanda ya tsinci kansa a can, ya fuskanci duniya in ya iya. In bai iya ba, duk inda ya fuskanta ya wadatar, addini bai zo da ƙunci ba. Yara za su kalli abin nan. Ka sa su yi gardamarsu tun suna ƙasa, su je su tambayi malami, amma kada ka sa kokawa a cikin salla."

"Za a gyara, Malam."

"Sai na biyu. Ƙaton nan da ya yi shigar mata, a cire."

Amatullah ta san wannan wurin ne Mujitaba ya fi alfahari da shi, shi ne suke sa ran zai ja musu 'yan kallo.

"Shi ne ya fi ko'ina ban dariya, Malam," in ji Mujitaba a hankali. "Amma in ka ce bai dace ba, na cire shi. Ina so in yi abin da zan iya zama kusa da kai mu kalla ban sunkuyar da kai ba."

"To ci gaba, mu ga ko sun isa."

Ba su isa ba. Kumbon ya gangara daga kan dutse ya faɗa wata gonar rake a ƙauyen gaba. Manoman suka fito da tafiyar 'yan sama jannati, suna mamakin yadda wata yake da albarka haka, suka kafa tuta, suka fara rabon fili, sai ga mai gonar da sanda. Baba Sabi'u ya faɗi gefe yana riƙe da ciki. Malam ya cire tabarau yana goge ido.

Da aka kashe kwamfutar ya ce, "Na aika Dangora an bincika mini tun shekaranjiya. An ce ba ka wasa da salla, kana riƙe da mahaifiyarka, ƙofar da ka yi wa masallacinku ma an nuna wa ɗan aikena. Abin da ya rage mini shi ne wasan nan, na kuwa gani. Kayan nan da suka sa, Amatu ce ta ɗinka?"

"Ita ce, Malam."

"Za ta ci gaba da ɗinkinta a gidanka?"

"Na riga na fara haɗa mata teburin keke."

"Tun kafin a ba ka?" in ji Baba Sabi'u.

Aka yi dariya. Malam ya juya wajen kawun Mujitaba ya ce su turo manya.

A bayan ƙofa Amatullah ta durƙushe ta rufe fuska da mayafi. Kafin magariba saƙo ya shigo:

"Amaryata ta gaskiya, yau na san yadda mutum yake ji in ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Sai dai Bature yana fushi, ya ce ya sha lalle a banza."

Ta amsa:

"Ka ce masa ya yi haƙuri, zan ɗinka masa babbar rigar biki, ko da yadin kasuwar nan zai ƙare. Allah ya bar mu tare, Kyaftin."

Aka sake ɗaukar wurin alƙibla kamar yadda Malam ya ce, da wani dattijon Dangora a matsayin malamin da manoman suka je tambaya. Fim ɗin ya fita bayan girbi. Daga Kiru har Doguwa babu shagon cajin waya da ba a tura shi, yara suka koma tafiya a hankali suna ɗaga ƙafa kamar suna kan wata. Makarantu biyu suka aiko wa Amatullah aikin kayan wasan kwaikwayo.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidan Malam. Jama'a ta cika layin har bakin titi, rabinsu sun zo ne su ga Bature ido da ido. Lukman ma ya zo, ya miƙa wa ango hannu ya nemi gafara, Mujitaba ya rungume shi.

Da yamma, kafin motoci su ɗauki amarya zuwa Dangora, aka kai su gaban Malam su biyu. Amatullah tana kuka a cikin lulluɓi, Inna tana riƙe da kafaɗarta. Malam ya yi musu nasiha a kan haƙuri da riƙon amana da tsayar da salla. Sannan ya dubi Mujitaba.

"Allah ya ba ka baiwar sa mutane dariya, na shaida. To ga amanata nan. Kada in ji gari yana dariya, ta cikin gida tana kuka."

"In Allah ya yarda ba za ka ji ba, Baba."

Karon farko ke nan da ya kira shi Baba. Malam ya ji, bai gyara masa ba. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya ɗaga ɗayan hannun sama.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa gidanku ya zama gidan kwanciyar hankali, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku, ya haɗa kanku a kan alheri har ƙarshen rayuwa."

Duk gidan aka amsa da amin. Aka kama hannun amarya aka fita da ita, mata suna guɗa, motoci suka kama hanyar Dangora rana tana shirin faɗuwa.